Dakon kaya zuwa tashar sararin samaniya: daga lodi har ƙona shara

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS, tana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 400, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya. Cikin minti casa'in da ɗoriya ta gama zagaye guda. Tun watan Nuwamban 2000 ba a taɓa barinta babu kowa ba, kuma a 'yan shekarun nan yawanci mutum bakwai ne a cikinta. Can babu gona, babu rijiya, babu kasuwa. Kowane mutum ɗaya yana shaƙar iskar oksijin kusan kilo 0.84 a rana. Injin wanki ma babu, tufa idan ta yi datti sai a jefa ta shara a ɗauki sabuwa. Ruwa ne kaɗai aka yi nisa wajen sake sarrafa shi, domin a 2023 hukumar NASA ta sanar da cewa na'urorin tashar sun kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da ke fita daga jikin mutane, har da fitsari da zufa. Saura kuwa, daga abinci da matatun iska zuwa noti da famfon da ya lalace, duk sai an yi dakonsu daga ƙasa.

Da can jiragen Space Shuttle na Amurka ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi na wannan dako. Bayan jirgin Columbia ya tarwatse a ranar 1 ga Fabrairun 2003, aka yanke shawarar jingine su, kuma na ƙarshe ya sauka a Yulin 2011. A nan NASA ta sauya salo. Maimakon ta zana kumbo ta biya kamfani ya ƙera mata ya zama mallakinta, sai ta ce ita kuɗin dako kawai za ta biya: ga kayana, ga inda za a kai, kumbo da roka na mai kamfani ne. A 2006 ta zaɓi SpaceX da Rocketplane Kistler, da sharaɗin cewa ba a sakin kuɗi sai an ga kamfani ya cim ma matakin da aka yi yarjejeniya a kai. Rocketplane Kistler ya kasa tara nasa jarin, aka soke tasa yarjejeniyar a 2007, aka ba Orbital Sciences gurbin a 2008. A Disamban wannan shekarar aka sa hannu a kwangilar dakon kanta: dala biliyan 1.6 ga SpaceX don tafiya 12, dala biliyan 1.9 ga Orbital don tafiya 8. Kumbon Dragon na SpaceX ya isa tashar a ranar 25 ga Mayun 2012, kumbon Cygnus na Orbital kuma a Satumban 2013. Kamfanin Northrop Grumman ne ke gudanar da Cygnus yanzu, tun da ya sayi Orbital ATK, wato sunan da Orbital ya koma, a 2018.

Kada a ɗauka dakon yana da sauƙin kuɗi. Wani binciken ofishin sufeto janar na NASA a 2018 ya ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya yana cin sama da dala 60,000 kafin ya isa.

Kumbunan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci a tsarin. Dragon yana zuwa ya dawo: yana da garkuwar zafi da laima, yana sauka a teku da kaya. A bayansa akwai wani buɗaɗɗen sito marar iska, inda ake ɗaure manyan kayan da za a girka a jikin tashar ta waje. Cygnus kuwa tafiyarsa babu dawowa. Gangar da ake zuba kayan a cikinta kamfanin Thales Alenia Space ne ke ƙera ta a birnin Turin na Italiya, tana ɗaukar tan uku da rabi ko sama da haka, sabon samfurin da ya fara tashi a Satumban 2025 kuma ya kai kusan tan biyar.

Lodi

Sau da yawa wuri ne ke ƙarewa kafin nauyi ya cika. Abinci da tufafi da soson da ake naɗe na'urori da shi suna cin fili amma ba su da nauyi sosai, shi ya sa masu lodi suke lissafin abu biyu a lokaci guda. Kusan komai ana sa shi ne a cikin fararen jakunkunan yadi masu kusurwa huɗu waɗanda ba sa kama wuta da sauƙi, girmansu a ƙayyade yake: akwai rabi, akwai guda, akwai ninki biyu da ninki uku. Kowace jaka da lambarta da ake karantawa da na'ura, kuma an rubuta abin da ke cikinta da wurin da aka ɗaure ta. Ana auna kowace jaka, domin dole tsakiyar nauyin kumbon ta faɗa daidai inda injiniyoyi suka lissafa. Idan nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, ƙananan injinan da ke juya kumbon za su yi ta ƙona mai suna gyara, kuma ga Dragon da zai dawo ta cikin iska mai zafi, karkacewar nauyi tana sauya kusurwar da yake shigowa da ita.

Abincin gwangwani da kayan gyara ana loda su makonni kafin tashi. Akwai kuma kayan da ba sa jira: ɓerayen gwaji masu rai, ƙwayoyin halittar da ake raino, samfuran da ke cikin firji, da 'ya'yan itatuwa irin su tufa da lemo da ake aika wa 'yan sama jannati. Waɗannan sai ana saura kusan awa 24 a tashi ake shigar da su. Idan aka ɗage tashi saboda hadari ko iska, wasu daga cikin samfuran sai an fito da su an sa sababbi, don haka masu bincike sukan zo da kashi biyu ko uku na abu ɗaya. A Disamban 2018 an ɗage tafiyar Dragon mai lamba CRS-16 da kwana ɗaya saboda an ga fumfuna a jikin abincin ɓeraye. Ga roka a tsaye, ga ma'aikata a shirye, amma da an tura ɓerayen da gurɓataccen abinci, da gwajin watanni ya tashi a banza. Ɗagewar ita ce daidai.

Lokacin tashi ba zaɓi ba ne. Hanyar da tashar ke bi ta karkace da digiri 51.6 daga layin tsakiyar duniya, ita kuma duniya tana juyawa a ƙarƙashin wannan hanya. Sai filin harba rokar ya zo daidai ƙarƙashinta za a iya tashi. Ga rokar Falcon 9 ta SpaceX daga Florida, daƙiƙa ɗaya ce tak. Aka kuskure ta, sai gobe, kuma gobe lokacin zai matso da wuri da minti ashirin da ɗoriya. Akwai ma wasu ranaku a shekara da rana ke haska tashar kusan ba ƙaƙƙautawa, zafi ya yi yawa a gefe guda, a irin waɗannan ranaku ba a son kumbo ya zo.

Wata takwas, asara uku

Ranar 28 ga Oktoban 2014, rokar Antares ta tashi da Cygnus daga tsibirin Wallops a jihar Virginia. Bayan kusan daƙiƙa 15 sai wuta ta tashi a gindinta, ta faɗo kusa da inda ta tashi. Babu wanda ya ji rauni, amma kaya sama da tan biyu sun ƙone. Matsalar ta faro ne daga famfon da ke tura ruwan oksijin cikin ɗaya daga cikin injinan biyu. Su waɗannan injina tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka ƙera su don rokar N1 da aka yi niyyar zuwa wata da ita, suka shafe shekara kusan arba'in a ajiye kafin a sayo su a yi musu kwaskwarima a Amurka.

A ƙarshen Afrilun 2015, kumbon Progress M-27M na Rasha ya rabu da rokarsa ba daidai ba, ya yi ta wulwulawa har ya faɗo ya ƙone. Bayan wata biyu, ranar 28 ga Yuni, Falcon 9 mai ɗauke da Dragon a tafiyar CRS-7 ta tarwatse daƙiƙa 139 da tashi. Wannan ya kamata duk mai sha'awar aikin injiniya ya dube shi da kyau. A cikin tankin ruwan oksijin na hawa na biyu akwai tukwanen iskar hiliyam masu matsi sosai, waɗanda wasu sandunan ƙarfe ke riƙe da su. A takarda, kowace sanda za ta iya jure nauyin kusan kilo 4,500. Bayanin da SpaceX ya bayar shi ne ɗaya ta karye a kusan kilo 900, tukunyar ta ɓalle, hiliyam ya cika tankin ya fasa shi. Binciken da NASA ta yi daban ya ɗora laifin a kan zaɓen ƙarfen: an yi amfani da irin na masana'antu na yau da kullum a wurin da ya kamata a tantance kowane ɗaya. Araha ba ta ado. Daga baya kamfanin ya koma gwada kowace sanda kafin a ɗaura ta.

Abin da ya fi ciwo shi ne kumbon Dragon ɗin bai mutu a fashewar ba. Ya ci gaba da aiko da saƙo yana faɗowa, amma manhajarsa ba ta da umarnin buɗe laima a irin wannan hali, sai ya daki teku. An ƙara wannan umarni daga baya. A cikin asarar akwai rigar fita waje ta 'yan sama jannati, da wani babban zoben ƙarfe da aka ƙera don kumbunan mutane su riƙa maƙalewa da tashar. Akwai ɗaliban makarantar da gwajinsu ya ƙone a Antares, suka sake haɗa shi, ya sake halaka a CRS-7.

Duk da haka ba a kwashe mutane daga tashar ba. Ana ajiye guzurin watanni a can saboda irin wannan rana, kuma hanyoyin ba su dogara da juna ba. Wani Progress ya tashi a farkon Yuli, kumbon HTV-5 na Japan ya biyo baya a Agusta, shi kuma Cygnus aka ɗora shi a kan rokar Atlas V ta wani kamfanin daban ya koma aiki a Disamban 2015. Gida biyu maganin gobara, a nan ma gida huɗu ne. Da NASA ta ba kamfani ɗaya kwangilar don rage kuɗi, da labarin 2015 ya sha bamban.

Wannan iya sauya roka da Cygnus ke da shi ya sake yin rana. Sabuwar Antares ta koma amfani da injin RD-181 na Rasha, gangar jikin hawanta na farko kuma a birnin Dnipro na Yukren ake ƙera ta. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 2022, duka hanyoyin biyu suka toshe. Ta ƙarshe ta tashi a Agustan 2023, kuma daga Janairun 2024 Cygnus ya koma hawa Falcon 9. Sai da aka yanka ƙofa a murfin hancin rokar don a iya shigar da kayan ƙarshe. Sai dai fa wannan ya mayar da kumbunan Amurka biyu kan roka iri ɗaya, wato raunin da aka kafa tsarin don a guje masa, kuma haka za a zauna har wata sabuwar Antares ta fito. Kamfani na uku da aka ba kwangila a 2016, mai jirgin Dream Chaser da zai riƙa sauka a titin jirgi, ya ga shekaru sun shuɗe bai kai kaya ko sau ɗaya ba.

Mita goma na ƙarshe

Bayan kumbo ya rabu da roka, ana sa shi ne a ƙasa da tashar, ba a tsayinta ba. Dalili kuwa, abin da ke kewaya duniya a ƙasa-ƙasa ya fi na sama saurin gama zagaye, don haka kumbon yana cin tazarar da ke tsakaninsu da kansa. Sai a riƙa kunna inji ana ɗaga shi sannu a hankali, kwana ɗaya zuwa biyu. Kowane mataki an tsara shi ta yadda ko da kumbon zai mutu gaba ɗaya a wannan lokacin, zai wuce ne ta gefe ba zai daki tashar ba. Akwai iyakar mita 200 kewaye da tashar da babu mai ƙetare ta sai da izinin masu kula da zirga-zirga a Houston.

Tuntuɓen da ake yi a nan yawanci ƙanana ne, amma sau da yawa suna cin kwana. A Maris 2013, uku daga cikin rukunai huɗu na ƙananan injinan Dragon suka ƙi samun matsi. Injiniyoyi suka yi ta buɗe bawul suna rufewa daga ƙasa har toshewar ta saki. A tafiyar Cygnus ta farko, kwamfutarsa da ta tashar suka saɓa a yadda suke rubuta bayanan GPS, aka yi kusan mako guda ana jira. A Fabrairun 2017 Dragon ya janye da kansa saboda wata lamba da aka shigar masa ba daidai ba, ya dawo washegari. A Nuwamban 2022 faifan sola ɗaya daga cikin biyu na Cygnus ya ƙi buɗewa saboda wani ɓallin bargon rage ƙara na rokar ya maƙale a ciki, amma ɗayan ya ba da isasshiyar wuta har ya isa. A duk waɗannan, an tsara na'urar ne ta tsaya ko ta ja da baya idan ta ga abin da ba ta gane ba, kuma wannan hali ne ya sa har yau babu ɗaya daga cikin kumbunan nan biyu da ya daki tashar.

Cygnus yana tasowa ne daga ƙasan tashar, yana tsayawa a wurare da aka ƙayyade, har ya zo kusan mita goma zuwa sha biyu. Nan sai a kashe injinansa gaba ɗaya ya zama yana shawagi kawai. Ɗan sama jannati yana cikin ɗakin nan mai tagogi bakwai da ake kira Cupola, hannunsa biyu a kan sandunan sarrafawa, yana miƙa Canadarm2, hannun ƙarfe na Kanada mai tsawon mita 17.6. A bakin hannun akwai wayoyin ƙarfe uku da ke zagaye wata ƙusa a jikin kumbon su shaƙe ta. Dole a kama shi cikin ɗan lokaci, domin kumbon da injinsa ke kashe zai fara karkacewa. Da zarar an kama, masu aiki daga ƙasa ne ke karɓar hannun su kai shi ƙofar sashen Unity, inda noti 16 masu inji ke ɗaure shi. Tsohon Dragon ma haka ake kama shi. Sabon samfurin, tun daga Disamban 2020, shi ke kai kansa ya maƙale a sashen Harmony, mutane suna sa ido ne kawai.

Maƙalewa da kai tana rage wa 'yan sama jannati aiki, amma tana da farashi: ƙofarta zagayayya ce mai faɗin kusan santimita 80. Ƙofar Cygnus ta fi ta faɗi kuma mai kusurwa huɗu ce. Saboda haka tun a ƙasa ake raba kaya: abin da ya cika girma ya bi Cygnus, abin da dole ya dawo ya bi Dragon.

Ba a buɗe ƙofa nan take. Sai an cika ɗan sararin da ke tsakanin ƙofofin biyu da iska an jira a ga ko matsin zai ragu, alamar yoyo ke nan. Masu shiga na farko suna sa tabarau da takunkumi, domin ƙura da ɓarɓashin ƙarfen da girgizar tashi ta kakkaɓe ba sa zama a ƙasa, yawo suke yi su shiga ido. Abin da ke cikin firji shi ake fara fitarwa a kai shi na'urar daskarewa ta tashar mai kaiwa digiri 80 ƙasa da sifiri. Sauran jakunkunan ana bin jerin da aka aiko daga ƙasa, a karanta lambar kowacce a rubuta inda aka kai ta. Jakar da aka ajiye ba a rubuta ba tana iya ɓacewa na watanni a cikin tashar.

Ta wannan hanya ce ƙananan taurarin ɗan'adam na Najeriya da Ghana suka isa sama. A ranar 3 ga Yunin 2017, tafiyar CRS-11, wadda ita ce ta farko da aka sake amfani da kumbon Dragon da ya taɓa zuwa, ta ɗauki NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da GhanaSat-1 na jami'ar All Nations da ke Koforidua. Kowanne ɗan akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kusan kilo ɗaya, an haɗa su ne a wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. Sun tafi a matsayin kaya a cikin kumbon, aka fitar da su ta ƙofar sashen Kibo na Japan, aka saki su a watan Yuli. Jami'ar da ba za ta taɓa iya sayen roka ba tana iya samun gurbin kilo ɗaya a irin wannan tafiya.

Kayan cikin siton bayan Dragon ba mutum ke taɓa su ba, hannun ƙarfen ne ke zaro su bisa umarni daga ƙasa. Ta nan aka kai ɗakin nan mai kumbura kamar balam-balam, BEAM, a 2016, da zoben maƙalewar da ya maye gurbin wanda ya halaka, da sababbin faifan sola da ke zuwa a naɗe kamar tabarma tun daga 2021.

Komowa

Dragon yana yin kusan wata ɗaya a maƙale. Darajarsa ta fi fitowa ne ranar dawowa, domin kumbon Soyuz da ke dawo da mutane ba ya da wurin kaya sai ɗan kaɗan. Jini da fitsarin 'yan sama jannati da aka daskarar, tsirrai, ɓeraye, da na'urorin da suka lalace ake son a buɗe a ga dalili, duk ta Dragon suke saukowa. A Maris 2022 an ga ruwa ya taru a cikin hular ɗan sama jannatin Jamus Matthias Maurer bayan ya dawo daga aikin waje. Aka dakatar da fita ta yau da kullum, sai da aka sauko da rigar cikin Dragon a watan Agusta aka bincike ta kafin a ci gaba. Bayan kumbon ya ratso iska, ƙananan laima biyu ne ke fara rage masa gudu, sannan manya huɗu su buɗe. Jirgin ruwa ya ɗauke shi, a gaggauta fitar da samfuran da ba sa jira, domin da zarar sun dawo ƙarƙashin nauyin duniya sun fara sauyawa. Siton bayan kuwa da an zaci yana ƙonewa ƙurmus, sai aka tsinci ɓaraguzan irinsa a gonaki a Ostireliya a 2022, da Kanada da Amurka a 2024. Wannan ya sa a 2025 aka mayar da saukar Dragon gaɓar California, inda ake iya sakin siton ya faɗa tekun Fasifik.

Cygnus yana zama watanni, kuma yayin da ake kwashe kayan cikinsa ana mayar da shara a gurbinsu: tsofaffin tufafi, ledojin abinci, soso, matatun da suka toshe. Ita ma sharar sai an auna ta an ɗaure ta a inda aka ce, don lissafin tsakiyar nauyi bai daina aiki ba. Tun 2022 ana kuma amfani da injinsa a tura tashar sama kaɗan, domin siririyar iskar da ke wannan tsayin tana jawo ta ƙasa kullum, aikin da a da kusan kumbunan Rasha ne ke riƙe da shi. Bayan an sake shi, wani lokaci akan yi gwajin da ba za a kuskura a yi a tashar ba. Daga 2016 zuwa 2024 an sha kunna wuta da gangan a cikin wani akwati a cikinsa don a ga yadda gobara ke cin yadi da roba inda babu nauyi, a aiko da hotuna da ma'aunai ta rediyo. Idan an gama, sai a juya shi a kunna injin ya rage gudu, a saita shi ya shigo iska a saman kudancin tekun Fasifik, nesa da gari da hanyar jiragen ruwa, ya ƙone da tan-tan na sharar da ke cikinsa.